Sabuwar taya ko ta hannu: abin da binciken roba yake nuna wa mai mota a Zinder

Mai mota a Zinder da tayoyinsa suka sude, iri uku yake tararwa idan ya je wurin masu sayar da taya. Akwai sabuwa ta manyan kamfanoni irin su Michelin da Bridgestone da Continental, wadda kuɗinta ba kowa yake iya tunkara ba. Akwai sabuwa mai sauƙin kuɗi, wadda galibi daga Asiya take zuwa, musamman ƙasar Sin. Sannan akwai ta hannu, wadda ta riga ta yi aiki a Turai kafin a loda ta a kwantena a turo mana. Yawancin masu saye da ido da yatsa suke yanke hukunci: su duba zurfin zane, su danna robar su ji taurinta, su tambayi kuɗi. Wannan dubawa tana da amfaninta, sai dai ta bar abubuwa biyu da suka fi kashe taya a ƙasa irin tamu, wato zafi da shekaru, waɗanda zane ba ya nuna ko ɗaya daga cikinsu. Kafin a auna nau'ukan nan uku, ya kamata a san abin da masu bincike suka gano game da yadda roba take kama hanya da yadda take cinyewa.

A shekarar 1963 wani masani mai suna Karl Grosch, wanda yake aiki a cibiyar binciken danƙon bishiya da ke Welwyn Garden City a Ingila, ya wallafa sakamakon gwajin da har yau ake dogara da shi. Ya riƙa jan gutsattsarin roba a kan gilashi mai santsi da kuma kan takarda mai kaushi, yana sauya gudu yana sauya zafi, sai ya nuna cewa ta hanya biyu roba take kama abin da take bi. Ta farko mannewa ce, inda fuskar robar take liƙewa da fuskar hanya na ɗan ƙanƙanin lokaci kafin ta saki. Ta biyu lotsawa ce: duk wani tsinin tsakuwa da ke jikin kwalta yana nutsewa cikin roba, ita kuma robar ba ta mayar da dukkan ƙarfin da aka matsa ta da shi, wani kaso yana zama zafi a cikinta, kuma wannan ƙarfin da ya salwanta shi ne yake riƙe mota idan an taka birki. Grosch ya kuma nuna cewa zafi da gudu abokan musaya ne a wurin roba, domin ƙara mata zafi yana yi mata tasiri irin na rage gudu. Abin da wannan yake nufi ga mai saye shi ne kowane haɗin roba yana da iyakar zafin da aka tsara shi ya yi aiki a ciki, kuma haɗin da aka yi domin sanyin Jamus wani hali daban yake nunawa a kan kwaltar Mirriya a watan Mayu.

Daga nan matsalar masu ƙera taya ta samo asali. Halin da yake sa roba ta kama hanya, shi ne kuma yake sa ta ɗauki zafi ta ƙara wa mota shan mai, saboda haka injiniyoyi suna fama da buƙatu uku masu jan juna: kama jiƙaƙƙiyar hanya, rage shan mai, da daɗewa ba ta cinye ba. Tun farkon ƙarni na 20 ake cuɗa roba da baƙin garin kabon mai kama da kunkunniya domin ƙara mata juriya, shi ya sa ma taya take baƙa. A 1992 kamfanin Michelin ya fito da tayar da aka maye gurbin wani kaso na wannan gari da silika, wani farin gari na sinadarin da ke cikin yashi, abin da ya ba da damar rage shan mai ba tare da an rasa kama hanya cikin ruwa ba. Wani ɓangare mai yawa na kuɗin taya mai tsada a nan yake tafiya. A ganina mai mota a Damagaram yana da haƙƙin ya tambayi kansa ko yana buƙatar dukkan wannan, tunda damina a nan ba ta wuce wata uku zuwa huɗu, kuma abin da ya fi sa mota zamewa a sauran watanni shi ne rairayin da iska take shimfiɗawa a kan kwalta, wanda babu haɗin robar da yake maganinsa, domin a kan ƙwayoyin yashi tayar take mirginawa. Amma kuɗin taya mai tsada ba a fuskar roba kaɗai yake ba, yana cikin ginin cikinta ma, kuma wannan ɓangaren ya shafe mu ƙwarai.

Game da cinyewa, sunan da ya fi fitowa shi ne Adolf Schallamach, abokin aikin Grosch a wannan cibiya. Tun cikin shekarun 1950 ya lura cewa robar da ake gogawa ta fuska ɗaya tana yin wasu ƙananan kunyoyi a gicciye da hanyar gugar, kuma da zarar kunyoyin sun kafu sai cinyewar ta ƙara sauri. Bincike na baya, musamman na Southern da Thomas a ƙarshen shekarun 1970, ya bayyana cewa a gindin kowace kunya akwai ɗan tsagu da yake ƙara nisa kaɗan duk lokacin da tayar ta zagayo, har gutsuren ya ɓalle. Wato cinyewar taya yagewa ce a hankali, ta hanyar miliyoyin ƙananan tsaguna. Schallamach ya kuma gano cewa iskar oksijin tana da hannu a ciki, domin robar da aka goga a inda babu oksijin ba ta cinyewa da sauri kamar wadda aka goga cikin iskar da muke shaƙa. Akwai wani abu a aikinsa da mazaunin Zinder zai gane nan da nan: a ɗakin gwaji, robar da ta goge takan zama wani abu mai danƙo ya shafe fuskar abin gugar ya rage cin, sai masu gwajin suka riƙa barbaɗa gari domin ya tsotse danƙon gugar ta ci gaba, kamar yadda ƙurar hanya take yi. Mu kuwa ƙura ba ta yanke mana, balle a lokacin hunturu.

Sakamakon da ya fi amfani ga direba shi ne wanda Schallamach da Turner suka fitar a 1960, cewa cinyewa ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da ƙarfin da aka ɗora wa taya, tana ninka shi ne. Idan ƙarfin da taya take ɗauka a kwana ko a birki ya ninka sau biyu, cinyewar tana kaiwa wajen ninki huɗu. Ƙarfin da yake tura mota waje a kwana shi ma haka yake da gudu, domin wanda ya shiga shataletale da kilomita 40 a awa ya ɗora wa tayoyinsa ninki huɗu na ƙarfin wanda ya shiga da 20, kuma bisa wannan lissafi cinyewar a wannan kwanar tana iya kaiwa ninki 16. Haka nan motar da ƙafafunta ba su daidaita ba, tayarta a karkace take tafiya tana gogar hanya a kowane taku ko da hanya miƙaƙƙiya ce. Wannan ya sa bambancin da ke tsakanin direbobi biyu, ko tsakanin motar da aka daidaita ƙafafunta bayan ta faɗa rami da wadda ba a daidaita ba, yakan fi bambancin da ke tsakanin kamfanoni biyu. Duk da haka bambancin tayoyin gaskiya ne. Ƙungiyar masu motoci ta Jamus, ADAC, ta fitar da awon da ta yi wa tayoyi kusan 100 a 2021, inda ta sami cewa mota ɗaya tana zubar da kimanin giram 120 na roba a kowane kilomita 1,000, tare da tazara mai faɗi tsakanin tayar da ta fi kowace juriya da wadda ta fi saurin cinyewa, kuma tsada kaɗai ba ta tabbatar da ɓangaren da taya za ta faɗa.

Sai batun shekaru, wanda a nan ne tayar hannu take da babban rauni. Ƙarfin roba ya samu ne daga dafa ta da farar wuta, dabarar da Charles Goodyear ya yi wa rajista a 1844, wadda take ɗaure zaruruwan roba da juna. Oksijin ba ya barin wannan ɗauri yadda aka yi shi: a hankali yana ƙara taurara robar yana rage mata miƙewa, kamar yadda robar ɗaure kaya a bayan babur take bushewa ta tsattsage idan ta sha rana. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne wannan tsufa har daga ciki yake faruwa, domin iskar da aka hura wa taya tana ratsa jikinta sannu a hankali ta isa robar da take riƙe da wayoyin ƙarfe a ƙarƙashin zane. Idan wannan robar ta tsufa, sai zanen ya ɗaye daga jikin taya ana cikin gudu, alhali daga waje ba a ga komai ba. A ƙa'idar da masana sinadarai suke amfani da ita, ƙarin digiri 10 na zafi yana kusan ninka saurin irin wannan lalacewa. A Zinder zafin rana yana haura digiri 40 a Afrilu da Mayu, fuskar kwalta kuma takan wuce digiri 60.

Amurka ta koyi wannan da rayukan mutane. A watan Agustan 2000 kamfanin Firestone ya janye kimanin tayoyi miliyan 6.5, yawancinsu a kan motocin Ford Explorer, bayan haɗurran da ɗayewar zane ta haddasa, kuma mafi yawan haɗurran a jihohi masu zafi suka auku, da ƙasashe irin su Saudiyya da Benezuwela. Bayan haka hukumar kula da lafiyar hanyoyi ta ƙasar, NHTSA, ta tattara tayoyin da suka yi aiki a birnin Phoenix na jihar Arizona a 2003 domin auna yadda zafi yake tsofar da su, ta zaɓi garin ne saboda zafinsa. A rahoton da ta miƙa wa majalisar dokoki a 2007 ta kawo alƙaluman wani kamfanin inshora da suka nuna cewa kashi 77 cikin 100 na ƙorafin lalacewar taya daga jihohi biyar masu zafi ya fito, kuma kashi 84 cikin 100 na waɗannan tayoyi sun haura shekara shida. Kamfanin Ford yana ba da shawarar a sauya taya bayan shekara shida, Michelin kuma ya ce a riƙa duba ta kowace shekara bayan ta cika biyar, kada ta wuce goma ko da zanenta yana nan. Ra'ayina shi ne a yanayinmu adadi mafi ƙanƙanta ya kamata a riƙe. Shekarun taya a rubuce suke a gefenta: a ƙarshen layin da ya fara da haruffan DOT akwai lambobi huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, ta yadda 2319 yake nufin mako na 23 na shekarar 2019.

Idan aka ajiye batun haɗari aka koma kan kuɗi zalla, nan ma tayar hannu ba kullum take cin riba ba. Sabuwar tayar ƙaramar mota tana zuwa da zane mai zurfin kusan milimita 8, iyakar da dokar Turai ta yarda a yi amfani da ita kuma milimita 1.6 ce, wadda ƴan tudun da ke cikin kwarin zanen suke nunawa. Abin da mai saye yake biya ke nan milimita 6.4. Tayar hannu mai milimita 4, wadda a ido take kama da mai sauran rabin rai, milimita 2.4 kawai ta rage mata. A ƙaddara, domin misali, sabuwa jaka 40 ce ta sefa, ta hannu kuma jaka 20: kowace milimita ta sabuwar ta tashi a kan sefa 6,250, ta tsohuwar kuwa ta haura 8,300, kuma sai an sayar da ita jaka 15 kafin su yi kunnen doki. Gaskiya ne cewa taya ta fi saurin cinyewa tana sabuwa, saboda dogon zane ya fi motsi a ƙarƙashin nauyi, don haka milimitocin ƙarshe sukan ɗan fi daɗewa, amma wannan rangwame bai kai ya cike giɓin ba, musamman idan aka haɗa da kuɗin mai faci da kwanakin da mota take tsaye.

Akwai kuma tarkon da ya keɓanta da kayan Turai. Da yawa daga cikin tayoyin da ake cirewa a can da sauran zane mai kyau tayoyin sanyi ne, domin ana shawartar direbobi su ajiye su tun suna da milimita 4, tunda ƙasa da haka ba sa aiki a kan ƙanƙara. Su ne suke fi ɗaukar ido a wurin mai sayarwa, wanda zai ce, "Alhaji, dubi zanenta, kamar ba a taɓa hawa ba." An haɗa robarsu ne domin ta kasance da laushi a ƙasa da digiri 7, saboda haka a kan kwaltar bazara tana yin laushi fiye da kima, ta cinye da wuri, ta tsawaita tazarar birki. Ana gane su da hoton dutse mai kololuwa uku da tauraron ƙanƙara a cikinsa, da kuma ɗimbin siraran tsaguna a kan kowane tubalin zane. Ban ga dalilin da zai sa a sa irin wannan taya a mota a Zinder ba, komai arharta. Ban da wannan, ba a san ko an taɓa tafiya a kan tayar hannu babu iska ba, wanda yake raunana zaren gefenta, kuma wasu masu lodi suna cusa taya biyu ko uku cikin juna domin kwantena ta ɗauki da yawa, abin da yake iya lanƙwasa wayar bakinta. Wanda dole ta sa zai saya, ya sa a buɗe masa cikinta ya duba faci da ɓarɓashin roba da ƙoƙewa, ya ƙi duk wadda aka yi wa gyara a gefe ko take da kumburi.

Sabuwar taya mai sauƙin kuɗi ta fi ta hannu a abu mafi muhimmanci, wato ƙuruciya, muddin da gaske sabuwa ce, domin tayar da ta shekara huɗu a jingine a ƙofar shago tana shan rana ta riga ta ci wani ɓangare na rayuwarta. Rauninta shi ne rashin tabbas. A cikin masu ƙera taya na Sin akwai manya irin su Linglong da Triangle da Sailun da suke sayarwa a kasuwannin duniya, akwai kuma sunayen da ba a san masana'antarsu ba, kuma a gwaje-gwajen da ake yi a Turai mafi arha sukan fi kasawa ne wajen birki a jiƙaƙƙiyar hanya. Rubutun gefen taya yana taimakawa wajen tacewa. Harafin E a cikin da'ira tare da lamba alama ce ta cika ƙa'idar da Turai take bi. Tayoyin ƙananan motoci da aka yi domin kasuwar Amurka suna ɗauke da maki uku, na cinyewa da na kama hanya da na jure zafi. Makin cinyewa, irin su 300 ko 400, daga gwajin kimanin kilomita 11,500 ake samo shi a hanyoyin da ke kewayen San Angelo a jihar Texas, amma kamfani ne yake sa wa tayarsa, don haka ya fi amfani wajen kwatanta tayoyin kamfani ɗaya. Makin zafi ne ya fi shafarmu: A yana nufin tayar ta jure gwajin gudun da ya haura kilomita 185 a awa ba ta lalace ba, C kuma shi ne mafi ƙarancin abin da doka ta yarda da shi. Ga mai doguwar tafiya, A ya kamata ya nema.

Abin da ya rage shi ne nauyi, wanda masu motocin haya suka fi kowa sakaci da shi. A rubutu irin 195/65 R15 91H, lambar 91 tana nufin tayar tana ɗaukar kilo 615, harafin H kuma iyakar gudun kilomita 210 a awa. Tayar da ake sa wa Hiace, mai rubutun 195R15C 106/104, tana ɗaukar kilo 950, kuma harafin C yana nuna an gina ta domin motar kaya. Sa tayar ƙaramar mota a bas ɗin da yake cika da fasinja da buhuna zuwa Magarya ko Matamai yana sa gefenta ya riƙa lanƙwasa fiye da yadda aka tsara, kuma kowace lanƙwasa zafi take haifarwa. Wannan dalilin ne ya sa al'adar sace wa taya iska a lokacin zafi don tsoron fashewa take jawo abin da ake gudu: ƙaruwar iska idan taya ta ɗau zafi an riga an yi lissafinta tun a masana'anta, ragewar kuwa ƙarin lanƙwasa ce da ƙarin zafi. Da safe ake auna iska kafin mota ta yi tafiya, bisa adadin da ke jikin ƙofar direba. Wanda ya rage iska domin ya ratsa rairayi, ya mayar da ita kafin ya hau kwalta.

Ga wanda motarsa take bin doguwar hanya da kaya, ko Yamai mai nisan kusan kilomita 900, ko hanyar Tanut zuwa Agadas inda ramuka da rairayi da nisa daga mai gyara suka haɗu, sabuwar taya ta kamfanin da aka sani, mai lambar nauyin da ta dace, ita ce zaɓin da lissafi yake goyon baya, kuma idan motar Hilux ce mai shiga jar ƙasa da tsakuwa, nau'in da aka gina domin kaya ya fi jure yanka da ɓantarewa, ko da yake manyan tubalan zane sun fi saurin cinyewa da ɗaukar zafi a kan kwalta. Ga ma'aikacin da zirga-zirgarsa ba ta wuce tsakanin Birni da Zango da kasuwar Dole ba, wanda shekaru za su kashe tayarsa kafin hanya ta cinye ta, biyan kuɗin mafi tsada asara ce, sabuwa mai matsakaicin kuɗi da ba ta fi shekara ɗaya ko biyu da ƙerawa ba ta wadatar. Tayar hannu tana da gurbi ƙarami: wadda ba ta sanyi ba, ba ta haura shekara uku ko huɗu ba, zanenta ya kai milimita 5, an duba cikinta, kuma domin tafiyar cikin gari. Idan kuɗin bai kai na huɗu ba sai biyu, a sayi iri ɗaya a sa su a layi ɗaya, wato ɗaya a dama ɗaya a hagu, kuma shawarar kamfanonin taya ita ce sababbin su tafi baya ko da motar da ƙafafun gaba take ja, domin zamewar baya ta fi wuyar gyarawa da sitiyari. A duba shekarar tayar ajiya ita ma a ranar, tunda ta motocin da aka shigo da su daga Turai sau da yawa sa'ar motar ce.